Motar da Ta Fara Jin Magana

Mai Labule mutum ne mai son abu ya miƙe. Shekara talatin yana ɗinka labule yana kafa sandunansa a gidajen mutane, kuma in ya shiga ɗakinka ya ga hoto ya karkace, ba zai amsa gaisuwa da kyau ba sai ya gyara shi. Abu ɗaya ne ya gagare shi, tsohuwar motarsa. In ya juya sitiyari zai sha kwana, sai ta yi jim kamar za ta shawarci dangi, ta kwanta gefe guda, sannan ta bi.

Motar nan kuwa ba sanduna kaɗai take ɗauka ba. Kullum da safe ita ke kai matarsa aiki laburare, tafiyar minti ashirin. Gidansu cike yake da 'ya'ya da jikoki, ga wata gwaggo da ta zo kwana uku tun bara waccan. Babu inda miji da mata za su yi magana ba a tsoma musu baki ba sai cikin mota. A nan suke shawara, a nan suke faɗa, a nan suke shiryawa kafin a kai ƙofar laburare. Ita kuma Malama, kamar yadda yake kiranta, aiki ya cinye mata murya. Ta daɗe tana hana mutane surutu, har ta kai ko masifa take yi sai ka matso kusa.

Wata Asabar ya kai motar wajen makanikin ƙafa, mai gyaran duk abin da ke riƙe da tayoyi. Makanikin ya shige ƙarƙashi, ya fito da wata roba duk ta tsattsage.

"Baba, ga mai laifin. Bushin ne, robar da ke raba ƙarfe da ƙarfe. Ta zama tsumma." Ya ɗauko sababbi iri biyu. "Baƙar nan laushi gare ta, tana shanye duka ta yi shiru. Jar nan kuwa tauri. In ka sa ta, mota za ta ji magana. Amma fa duk abin da titi ya faɗa, a kunnenka."

"Za ta ji magana?"

"Kafin ka rufe baki."

"Sa min ja," in ji Mai Labule. Sauran bayanin a gareji ya bar shi.

Ranar Litinin ya sha kwanar farko, motar ta bi shi cak, ba gardama. Daɗi ya kama shi har kunne. Sai dai kowace tsakuwa da taya ya taka sai ta shigo ta gaishe su. Sandunan labule na kaɗawa a baya, ƙofofi na ruri, kujera na tsuma. Malama ta yi magana, ya ga bakinta yana motsi. Mutum mai furfura ba ya son ce wa matarsa "me kika ce?" sau uku, kada a ce kunne ya tsufa. Sai ya ce, "To." Da ta ƙara, ya ce, "Madalla."

Kafin Laraba ya tarar ashe ya amince zai ɗinka wa laburare labule tun daga sama har ƙasa. Ya haɗiye. Ranar Alhamis ta yi magana mai tsawo tana kallon hannuwanta. Ya jira bakin ya tsaya, ya ce, "Madalla." Ta juya fuska wajen taga. Da suka isa ta fita ba sallama.

Da rana babbar 'yarsu ta faɗo shagonsa ko zama ba ta yi ba.

"Baba, wai Inna ta ce maka za a yi mata aikin ido, tsoro take ji, ka ce madalla?"

Ya ajiye almakashi. Ya rufe shago.

"Cire min jar nan," ya ce wa makanikin.

"Haba Baba, ba ta jin maganar ne?"

"Tana ji. Ni ne ba na ji."

Makanikin ya yi dariya har da riƙe ciki. "To a raba. A bar ja a gaba, a sa baƙa a baya. Ƙarar za ta ragu da rabi, kwana kuma ka ci gaba da shan abinka."

Gaskiya Mai Labule ya tsaya tunani, don ya ɗanɗana kuma ya ji daɗi. Sannan ya girgiza kai. "Ba ka san muryar Malama ba. Cire duka."

Washegari motar ta koma halinta na kwanciya a kwana, amma ciki tsit. Malama ma tsit. Sun kusa isa kafin ya yi gyaran murya.

"Malama, tun Litinin ban ji kalma ɗaya da kika faɗa ba."

Ta dube shi. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Har da maganar labule?"

"Har ita."

"Wannan dai ka riga ka amsa, Maigida." Ta gyara mayafi. "Aikin idon, Talata ne, ƙarfe tara. Ba na son 'yarka ta raka ni, kuka za ta yi min a gaban likita. Kai nake so ka zauna a wajen."

Ya rage gudu. Ƙofar laburare ta zo ta wuce ta hagunsu.

"Ka wuce ƙofar."

"Na gani," ya ce. "Wane idon ne?"