Ramin da ke cikin hanjina

Salamu alaikum. Kun ji ni shiru tun farkon damina, to ga ni. Malam lafiya lau, Hafsatu da Bello lafiya, auta na fama da haƙora. Ni ce dai na kwanta, kuma na tashi.

Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Da zazzaɓi ya fara. Na ɗauka na sauro ne, na sha magani, na ci gaba da kai kifi kasuwa bakin iyakar Benin. Sai ciki ya kumbura ya yi tauri, ko zane ba na iya ɗaurawa. Daga asibitin Bagudo aka wuce da ni Birnin Kebbi.

Aka ɗibi jini, aka yi hoto. Likita ya ce taifot ce ta huda mini hanji, sai an yi aiki. Akuyoyina aka sayar.

Na ce, "Likita, me ya shiga cikina har ya yi rami?"

Ya ce, "Hajiya, kin san gafiya?"

Malam ya ce, "Mu za ka tambaya? Ta gama da gindin katangarmu."

Likita ya ce, "To ƙwayar wannan cutar ma haƙa take yi. Sai dai gafiya kana ganin ƙasar da ta turo, ka yi mata hayaƙi ta fito. Wannan ido ba ya ganinta, a ruwan sha take shiga."

Ban ji tsoron wuƙa ba kamar yadda na ji tsoron wannan magana. Randa ɗaya muke sha da yarana.

An yi aiki, an ɗinke. Ranar da aka bar ni na kurɓi kunu har kuka na yi.

Da muka dawo, Malam ya bi ramukan gafiyar nan da sanda. Ɗaya ya taso daga bayan masai, ya ɓulle jikin rijiyarmu. Ashe gafiyar da cutar tare suka yi aikin.

Alhamdu lillahi, yanzu ina tuƙa tuwona da kaina. Na gode wa duk wanda ya zo, da wanda ya yi addu'a. Zazzaɓi in ya ƙi sauka, ku je a gwada jini. Ku tafasa ruwa.

Mai haƙar rijiya zai zo ranar Juma'a. Malam ya ce a toshe ramin da siminti ya isa, ni na ce a haƙa sabuwa nesa da masai. Wanda ya san aikin nan ya ba ni amsa kafin ranar, don Allah. Kafin nan dai yarana ba mai shan ruwan rijiyar nan.