Waƙar Mai Jaki

Shekarun baya, lokacin ina da 'yar butik, wato ɗan shago, ta turin waƙoƙi a bakin tashar Magarya, na yi wata gwaninta da har yau idan na tuna sai in sunkuyar da kai. Aikin ba wani mai wuya ba ne: a miƙo min memwar ta waya ko rediyo, in sa ta a ordinatar, wato kwamfuta, in cika ta da waƙoƙi da wa'azi, a ba ni dala ashirin. Amma a raina ni babban masani ne a harkar waƙa. Duk wanda bai san kamfanin da ya buga waƙa ba, kallon ɗan ƙauye nake masa, alhali ni ma can aka binne cibiyata.

Ina da wani abokina manomi a wani ƙauye kusa da Kwaya. Allah ya ba shi murya, shi ke yi wa 'yan gayya waƙa idan ana noma. Wata rana bayan an cire gyaɗa na kai masa ziyara, ya rera min wata waƙa da ya tsara a kan damina da masu tafiya ci-rani. Na ce tsaya in ɗauka. A tsakar gidansu muka yi, yana kiɗa da bayan ƙwarya, ni ina riƙe da waya. Ana cikin baiti na uku jakin gidan ya ɓarke da kuka, sai ga muryar mahaifinsa daga zaure yana yi wa mahaifiyarsa magana: "Ke, wa ya bar dabbar nan ba ruwa?" Muka yi dariya, muka bar ta a haka.

Mutum uku kacal na fara tura wa. Kafin a gama sussuka waƙar ta bi kasuwanni, masu moto, wato 'yan babur, na sa ta, mata na daka da ita. Babu wanda ya tambayi sunanta. Sai dai a zo a ce, "A sa min waƙar mai jaki." Da rani ya tsaya mahaifin abokina ya kwanta ciwo, kwana kaɗan ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ni fa sunan nan na "mai jaki" yana min ciwo. Na tasa abokina a gaba. Na ce, "Dariya ake maka ba ka sani ba. Mawaƙin da ba shi da kamfani ai ɗan kiɗan gayya ne. Mu je Kano a buga ta yadda ake buga waƙa." Ya ce shi dai yana jin mutane suna son ta haka. Na ce mutane ba su san abin da suke so ba. Ku ji fa, ni da ko kalangu ban iya riƙewa ba.

Na dame shi har ya sayar da gyaɗarsa muka tsallaka iyaka. Kuma tsakani da Allah mutanen kamfanin sun yi mana kirki, sun kuma san aikinsu. Suka sa fiyano, suka kawo masu amshi, suka goge muryarsa har ta yi sumul. Inda ya ce "lakwal" suka ce ya mayar da ita "makaranta", don mutanensu ba za su gane ba. A farkon waƙar suka sa tambarinsu, wata murya mai amsa-kuwwa tana kiran sunan kamfanin sau uku. Da na ji, na ce yauwa, yanzu aka yi waƙa.

Muna dawowa na goge tsohuwar daga ordinatar da wayata da ta abokina. Ban tsaya nan ba. Duk memwar da ta shigo hannuna, in na ga mai jaki a ciki sai in cire, in sa sabuwa, ban ce wa kowa komai ba. A ganina alheri nake yi. Wasu suka dawo suna cewa wani Bakano ya sace wa yaronmu waƙa, na yi musu bayanin kamfani, suka kalle ni suka tafi.

Ran wata kasuwa abokina ya kawo memwar ɗin 'yar rediyon mahaifiyarsa, ya ce a ƙara mata wa'azi. Na ƙara, na kuma yi mata irin alherin da na saba.

Bayan kwana uku sai ga mahaifiyar tasa da kanta a bayan moto, rediyon ƙunshe a gefen mayafinta. Matar da tun da ta fita takaba ba ta taka Magarya ba. Na fito na durƙusa.

"Inna, lafiya? Da kin aiko ai."

Ta miƙo min rediyon. "Ɗan nan, ina Malam?"

Ban gane ba.

Ta ce, "Na kunna waƙar har ƙarshe, sau nawa, bai yi magana ba. An ce kai ka taɓa ta. Ba ni da hotonsa, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Nan kaɗai nake jinsa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk watannin nan ni kukan jaki nake ji a wurin, ita mijinta take ji. Ban san lokacin da na fara zuba mata surutu ba, wai sabuwar ta fi kyau, wai kamfani ne ya buga. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Allah ya yi wa kamfanin albarka. Ka mayar min da tawa."

Na rufe butik na shiga nema. A Magarya duk wanda na tara, sabuwar ce a wayarsa, aikin hannuna. Na je Bande ran kasuwa, na bi masu turi irina, su ma daga wurina suka karɓi sabuwa suka watsar da tsohuwa. Da farko ma da sunan abokina nake tambaya, ana girgiza min kai. Sai da na sauke girman kai na koma cewa "mai jaki" sannan aka fara gane ni. Mako biyu na yi ina wannan yawo.

A kasuwar Mallawa na jiyo ta. Wani dattijo mai amalanke yana sauke buhunan wake, 'yar wayarsa a aljihu tana kiɗan ƙwarya. Na ruga na gaishe shi, na ce ya ara min memwar ɗinsa minti ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dafe aljihu.

"Ba kai ne mai goge wa mutane waƙa a Magarya ba? Labarinka ya zo."

Sai da na ba shi labarin Inna kaf. Ya ce to, amma wayar ba za ta bar hannunsa ba. Haka ya tura min yana riƙe da ita da hannu biyu.

Yanzu na bar sana'ar turi, kuma ba na zagin kamfani. Waƙar da suka buga ta kai abokina biranen da bai taɓa zato ba, har yau ana kiransa biki saboda ita. Kamfani yana yi wa mawaƙi amfani. Amma mai saurare ban taɓa ganin wanda ya zo neman tambari ba. Kowa da abin da ya ajiye a cikin waƙarsa, kuma ba a rubuce yake a jikinta ba, balle mai turi ya gani.

Ran da na kai wa Inna rediyonta, tana zaune a tsakar gidan tana ɓarar gyaɗa. Na kunna, na koma gefe kusa da abokina. Ƙwarya ta fara, baiti na ɗaya, na biyu. Jaki ya yi kuka. Malam ya ce, "Ke, wa ya bar dabbar nan ba ruwa?"

Ba ta ɗago kai ba, ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. A hankali ta ce, "Na ba shi, Malam."