Kwabban Kaka da Takardar Ajiye Aiki

Don Allah ku gaya mini, yaushe tsofaffin kwabbai suka fara yanke wa mutum shawarar rayuwarsa?

Jiya bayan la'asar na shiga ɗakin yayana Nura, wanda ya shekara tara yana koyarwa a firamare. Na tarar da shi a kan tabarma yana watsa kwabbai uku masu huda, waɗanda ya kwaso daga kwallar Kaka. Sau shida ya watsa, yana zana layuka a takarda, yana duba fassararsu a waya. Wai duban mutanen China ne, zai gaya masa ko ya bar koyarwa ya koma fataucin shanu a kasuwar Mai'aduwa.

Na ce, "Haba Yaya! Kai da ka koya mini addu'ar istihara?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Sau uku na yi ta, Habu. Kullum sai zuciyata ta kwanta a kan in zauna. Ni kuwa tafiya nake so."

Su kuwa kwabban, wai sun ce ya tafi. Yau da safe ya kai takardar ajiye aiki.

Yaya Nura, na san kana karantawa. Fito nan ka amsa a gaban kowa: da kwabban sun ce ka zauna, sau nawa za ka sake watsawa?