Goran Kawu Ige Ya Je Teku

Gummi

Ladan bai gama kiran asalatu ba muka fara ɗaura kaya. Mu uku ne: ni, da abokina Bala mai motar, da Kawu Ige, ƙanen Innata, wanda ya tsufa yana su a gulbin garinmu. Yawon buɗe ido muka shirya ni da Bala, mu ga kufan Surame sannan mu gangara bakin teku. Kawu ya ji, sai ya rantse da Allah a tsakiyar majalisa cewa zai hau goransa ya ƙetare tekun nan da ake ta zuzutawa. Goran su ne, ƙato, wanda masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo.

Inna ta riƙe hannuna a zaure. "Mamman, ka san kan kawunka. Shi kaɗai ya rage man. Kak ka komo ba da shi ba."

Surame

Da hantsi muka wuce Sakkwato, muka saki kwalta muka bi turɓaya. Wani dattijo na ƙauyen kusa ya shige mana gaba. Jama'a, na sha jin labari, amma gani ya kori ji! Ganuwa ce ta dutse zalla, an jera ɗaya kan ɗaya, ta miƙe cikin daji har ido ya gaji. Ga gurbin ƙofofi, ga kukoki sun tsiro inda mutane suka kwana. Babu motsin kowa sai kurciya.

"Ina mutanen sunka tahi?" in ji Kawu.

"Inda kowa za shi," in ji dattijon.

Kawu ya daɗe yana shafa dutsen. Na yi murna, na ce ko jikinsa ya yi sanyi. Ina! Muna shiga mota ya ce, "Su dutse sunka sani. Ni ruwa na sani."

Hanyar kudu

Muka kwana Jega, muka bi ta Yawuri da Kwantagora. Kowane shinge sai an tsaya kan goran da ke saman mota. Wani soja ya ƙwanƙwasa shi, ya leƙa ciki, ya ce, "Baba, wannan fa?"

"Jirgina ne. Teku za ni ƙetarewa."

Sojan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu wuce Allah ya kiyaye. Ni ban yi dariya ba.

A gadar Jaba muka ga Kwara shimfiɗe, faɗinta ya ninka gulbinmu ban san sau nawa ba. Kawu ya taɓe baki. "Wagga? Kahin shayi shi huce na kai waccan gaɓa." A Ilori muka ci amala da miya mai yauƙi, ya ce tuwon ya ƙone ne suke ɓoyewa.

Badagiri

Wani Bazamfare mai sayar da albasa, Alhaji Umaru, ya sauke mu. Da safe ya kai mu bakin ruwa, ga bishiyoyin kwakwa reras a ɗaya gaɓar. Kawu ya ƙyalƙyale. "Ita ce tekun? Kai, mutane da ƙarya!" Ya fara tuɓe riga.

"Haba Baba," in ji Alhaji, "wagga ai 'yar rakiya ce. Uwar na gaba."

Muka ƙetare a kwalekwale, muka bi wata hanyar yashi da aka ce ta nan ake kora bayi zuwa jiragen Turawa. Tun ba mu ga komai ba muka fara jin ruri kamar hadarin Agusta. Sai muka hau tudu.

La'ilaha illallahu! Ruwa ne har inda sama ta sauko, babu gaɓa, babu tsibiri. Igiyar ruwa takan taso ta fi soro tsawo, ta faɗi, ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata. Bala ya zauna daɓas.

Kawu ya saɓi goransa ya nufi ruwan. Na bi shi ina roƙo, "Kawu, don Allah, Inna!" Ko waiwaye. Ya tsaya inda kumfa ke lasar ƙafarsa, ya yi wa ruwan sallama yadda yake yi wa gulbi kullum kafin ya shiga. Ya tsaya yana neman inda zai sa ido a ƙetare. Bai samu ba.

"Mamman," ya ce, "miskinai nawa aka ciyarwa in mutum ya karya rantsuwa?"

"Goma, Kawu."

"To da sauƙi." Ya durƙusa ya cika goran da ruwan, hawaye na bin gemunsa.

Gida

Mun iso Gummi da la'asar, Inna na bakin zaure. Ta kama kunnen ƙanenta, tsoho da furfura, ta fashe da kuka.

Washegari ya shiga gulbi ya kamo kifi, aka yi tuwo, ya ciyar da mutum gomansa a gaban majalisar da ya yi rantsuwar. 'Yan tsokana suka taso: "Ige, yaya ƙetaren teku?" Bai yi fushi ba. Ya ɗebo ruwan goran a ludayi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Kun ji ɗanɗanonta," in ji shi. "Girmanta kuwa, sai Wanda ya yi ta."

Godiya ga Allah da ya kai mu ya komo da mu, da Alhaji Umaru, da Bala da motarsa. Na mayar wa Inna amanarta.