Tuwon Sabuwar Dawar da Na Ƙi Tuƙa wa Babana

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocin ƙauyenmu, can ƙasar Malumfashi ta wajen Ƙarfi. Mace ce ni mai miji da 'ya'ya, mai gayaunata ta gyaɗa da barkono, mai baki kuma, don ko maigidana in ya ga na ɗauko zance sai ya saɓi fartanyarsa ya yi gona. Na san, Malam Edita, yawancin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, wasu ma ba su san akwai Bahaushe Kirista ba. To muna nan, kuma abin da ya same ni zai iya samun kowa. A gidanmu ma addini uku ne a tukunya ɗaya. Yayana ya musulunta tun yana saurayi, yana sayar da taki a Funtua. Ni na bi coci. Babanmu kuwa yana nan kan abin da ya tarar iyayensa suna yi, Bamaguje ne, bai taɓa ɓoyewa ba, bai kuma taɓa hana ɗayanmu bin hanyarsa ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Uwata yake ce mini, tun ina goye har na yi furfurar farko. A gidan akwai al'adar da ban ga irinta ko a maƙwabta ba. In an girbe gandu, aka ɗaure dammuna aka cika rumbu, Baba ba ya sa sabuwar dawa a bakinsa sai kakata ta tuƙa masa tuwon farko da hannunta. Da ta rasu, mutane suka ce shi ke nan al'ada ta bi ta, shi kuwa ya ce ina, ai uwarsa tana nan, ya ɗauko muciyarta ya miƙo mini, lokacin ko ƙirgar dangi ban gama ba. Aure bai raba ni da wannan aiki ba. Kowace kaka sai ya aiko, in zo tun da hantsi, ya hau rumbu da kansa ya sauko da dami, mu sussuka mu sheƙe, in surfa a kai niƙa. Miyar kuka ce kullum, da daddawar da ta ji, da man shanu. Yayana ya zo da iyalinsa a babur, nawa yaran su cika tsakar gida da ihu, Baba ya zauna da akushinsa yana tsokanata wai tuwon bana ya fi na bara gudaji. Ni ma ba na raga masa, in ce in bai yi masa ba ya ajiye akushin, ga masu so nan. Ban san ranar da ta fi wannan daɗi a shekara ba.

Abu ɗaya nake roƙon Allah a kansa tun ranar da aka yi mini baftisma, in ga Baba ya tako cikin coci kafin ya bar duniya. Tsohon fastonmu ya san da wannan. Mutum ne mai keke da gonarsa ta kansa, tafin hannunsa kamar na kowane manomi, ya daɗe a cikinmu har ya san wace ce ba ta ga maciji da wace. Yakan je wurin Baba su zauna suna ɓarar gyaɗa, wani lokacin har ya tashi bai ambaci coci ba. Na taɓa tambayarsa ko tuwon nan zunubi ne, don a da Baba yakan gutsuri loma ya ajiye a gindin rumbu. Ya ce mini wannan tsakanin Baba ne da Mahaliccinsa, ni dai in tuƙa wa ubana tuwo in gode wa Allah da ya ba da dawa, kuma kada in yi gaggawa da tsoho. Gaskiyarsa kuwa, don a 'yan shekarun baya Baba ya daina ajiye lomar, ba wanda ya ce masa ya daina. Ran Lahadi ma sai a gan shi gindin ɗorawar da ke bayan coci, wai hutawa yake yi daga zagayen gona. Kowa ya san waƙata yake saurare, ba dai wanda ya tanka masa.

Ana nan sai idon tsohon fasto ya yi yana, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa birni a yi masa aiki. Cikin wannan tsakanin, ana gab da girbi, wani baƙo ya sauka ƙauyenmu da lasifika da janareta da farin takalmi. Ya ce shi bawan Allah ne da aka aiko mana musamman, ya kafa rumfa a bakin gari, yana taro kowace la'asar. Ba wanda ya san cocin da ya fito, ba kuma wanda ya tambaya, don mutumin yana da murya, in ya yi addu'a sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Abin da ya fi ɗauke mana hankali, sai ya tsaya tsakiyar wa'azi ya rufe ido, ya faɗi damuwar mutum tiryan-tiryan kamar a ɗakinsa ya kwana. Matarsa kuma ga fara'a ga hannun kitso, kyauta take yi wa mata, wai hidimarta ke nan ga Ubangiji. Ni da son shuku, ai ban yi sanya ba. Na sa kaina a cinyarta, tana kitso tana jan hira, tana ce mini Yaya, ni kuwa baki ya samu abin da yake so.

Ran Lahadin da ta biyo baya, ana cikin taro, sai mutumin ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce an nuna masa wata mace a nan mai ɗauke da sunan matacciya, a hannunta akwai muciya, da wannan muciyar aka ɗaure mahaifinta a cikin duhu. Ban san sanda na isa gabansa ina kuka ba. Ya ce tuwon da nake tuƙawa kowace kaka hadaya ce ga iskoki, ni ce da hannuna nake sabunta alkawarin duk shekara, shi ya sa addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki. Ya ce muddin ina so tsohon ya tsira, bana kada in tuƙa, kada in taka gidan, kada ma in bari mu haɗa ido, sai ranar da shi bawan Allah ya ce an kwance. Da na ce tsohon fastonmu ya ce ba laifi, sai ya yi murmushi ya ce ba ga shi nan ya makance ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in kai maganar gaban dattawan coci, wai ruhunsu ya yi sanyi. Ku fahimce ni, ba ƙin Baba na yi ba. Son in cece shi ne ya sa na yarda.

Da aka cika rumbu Baba ya aiko, na ce ba ni da lafiya. Yayana ya taso tun daga Funtua, ya ce mini ƙanwata me ya shiga kanki, shi da yake salla biyar bai taɓa ganin aibin cin tuwon ubansa ba. Na gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce duhu ba ya gane duhu. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya hau babur. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina tankaɗe sai na jiyo sallamar Baba a ƙofar gida. Da ƙafa ya zo, da sandarsa. Na watsar da rariya na faɗa ɗaki na ja ƙyaure, na bar maigidana da kame-kamen wai na je rijiya. Ina jin Baba ya zauna a kan turmi yana wasa da jikokinsa, ya daɗe, ga takalmana nan a bakin ƙofa yana gani. Da zai tafi sai ya ce wa maigidana a gaya wa uwarsa dawa tana nan tana jira, ba sauri ake ba. Na cusa zane a baki don kada ya ji kukana, ina ce wa kaina yaƙin ruhu nake yi.

Baba bai buɗe rumbun nan ba. Ya ci ragowar tsohuwar dawa wadda ƙwari suka gama da ita, da ta ƙare ya koma tuwon masarar kasuwa, abin da ya tsana tun yana yaro, ga rumbu cike a bayansa. Kirsimeti ta zo ta wuce. Duk sanda na kai kukana wurin baƙon sai ya ce alama ce yaƙi ya yi zafi, in ƙara daurewa, in ƙara kawo baiko, wato sadakar da ake tarawa a wurin ibada. Ni 'yasu, har waƙa na tsara masa, mata suna amshi.

A wurin injin niƙa asiri ya tonu. Muna layi da kwanukanmu sai wata 'yar zumunta ta fashe da kuka ba gaira ba dalili. Da muka matsa mata, ta ce akuyarta da bawan Allah ya ce an nuna masa ɓarawonta, har aka daina gaisawa da maƙwabcinta a kai, ba sace ta aka yi ba. Ita ta sayar da abarta a ɓoye ta sayi atamfa, kunyar faɗa ta sa ta ce wa mai kitso sacewa aka yi. Muka dubi juna. Na ga wata ta kai hannu ta shafa kanta, wata ma ta shafa, ni ma na ji hannuna a kan nawa. Duk wadda aka taɓa yi wa annabci a cikinmu, sai da ta fara kwanciya a cinyar matar nan. Muciya, sunan kakata, lomar gindin rumbu, ni na ba su da bakina. Kafin dattawa su gama shawarar yadda za su tunkare shi, mutumin ya loda lasifikarsa da buhunan masarar da aka tara masa a a-kori-kura, ya yi gaba.

Washegari na kama hanyar gidanmu. Baba yana zaune yana tufkar igiya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa a gabansa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce Uwata an zo, ya tashi ya jingina tsani, yayana da ya zo duba shi ya hau ya sauko da dami. Na tuƙa tuwon ina sharar hawaye, ya ci ya ƙoshi, ya ce bana kam ba gudaji. Sai da yayana ya rako ni bakin hanya ya gaya mini abin da ya karya ni. Ashe tun kafin girbi Baba ya sa shi ya ɗinko masa farar riga a Funtua, ya ce kada ya gaya mini, so yake ran Kirsimeti in ɗaga kai ina waƙa in gan shi zaune a bencin baya.

Na koma da gudu na riƙe ƙafarsa, na ce Baba ƙarya aka yi mini, mutumin maƙaryaci ne, ga wata Lahadin nan tafe. Ya dafa kaina ya ce ya sani, kuma ya yafe tun ranar da ya zauna a kan turmina. Amma ya ce shekaru ya yi yana auna hanyar nan tamu, a jikina da jikin abokinsa mai keke yake aunawa, ya ga tana da kyau. Sai ga shi baƙon jiya ya tsaya a kanta ya ɗaga murya, uwarsa ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Ya ce shi ya tsufa, ba zai iya hawa hanyar da bai san wanda zai tsaya a kanta gobe ba. Na yi roƙo, tsohon fasto ma da ya dawo da ido ɗaya ya ci gaba da zuwa ɓarar gyaɗa, bai taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba. Na ƙara tuƙa wa Baba tuwon kaka biyu. Ya rasu da damina, lafiya lau tsakaninmu, bai shiga ba.

Tsohon fasto ya ce mini hukunci na Allah ne, ba nawa ba, ba na kowa ba, kuma da wannan nake lallashin zuciyata. Amma na koyi abin da nake so 'yan'uwana su ji, na coci da ma waɗanda ba na coci ba. Malamin ƙarya ba da ƙaho yake zuwa ba, da abin da ka fi so a duniya yake kama ka. Ni ban tambayi inda ya fito ba, ban tambayi wa ya san shi ba, da ya ce kada in gaya wa dattawa ma ban ji ƙararrawa ba, alhali mai gaskiya ba ya tsoron a bincike shi. Na ɗauki sanin asiri a matsayin shaidar Ruhun Allah, na manta mutumin da ya yi shekaru yana cin ƙurar gona tare da mu bai taɓa raba ɗa da uba ba. Don Allah, duk wanda ya zo muku da sunan Ubangiji, komai daɗin muryarsa, ku bar shi ya yi damina ya yi rani a cikinku tukuna, ku ga gidaje nawa ya gyara, nawa ya raba. In kuwa ya ce ku juya wa iyayenku baya don ku cece su, ku tashi ku bar masa rumfarsa a ranar.

Har yanzu ni ke ba da waƙa a zumunta. Bara aka yi wa wani tsoho sa'an Baba baftisma a rafin bayan gari, 'yarsa tana riƙe da hannunsa har cikin ruwa. Aka ce in ɗauko waƙa, na ɗauko, na kai tsakiya, sai wata ta karɓa ta ƙarasa mini.