Ranar da Lungunmu Zai Zaɓi Wakili

Da ƙarfe shida na safe na ɗora shayi. Famfo bai kawo ruwa ba, kwana huɗu ke nan, sai na tsiyaya daga jarka. Surukata, wadda kowa ke kira Hajja, tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Maigidana Nabil yana goge farar rigarsa da kansa. Ya ce ni ina ƙona masa wuyan riga.

Ni haifaffiyar Makka ce, a unguwar Utaibiyya. Kakanninmu daga Sakkwato suka zo aikin hajji suka zauna. Nabil Bafalasɗine ne. Ya yi shekara tara yana gyaran wuta a unguwar Rusaifa ta Makka, a can aka ɗaura mana aure. Da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare aka ƙi sabunta masa, na bi shi sansanin 'yan gudun hijira a Labanon, inda aka haife shi.

Sansanin yana da kwamiti mai kula da ruwa da wuta da shara, shi ke magana da hukuma da yawun mutane. Amma ba mutane ke zaɓensa ba. Ƙungiyoyi masu bindiga ne ke raba kujerun a tsakaninsu. Nabil da wasu dattawa sun yi wata biyar suna bin gida gida, suna cewa kowane lungu ya fitar da wakilinsa. Lungunmu ya tsayar da shi. Ranar ce ranar ƙuri'a, ƙarfe tara, a filin makaranta. Ana gobe zaɓen, bayan la'asar, shi da bakinsa ya yi shela a lasifikar masallaci, ya ce kowa ya fito, har mata da tsofaffi.

Bakwai da rabi na kira Inna a Utaibiyya. Ta tambaye ni ko kukar da ta aiko mini ta ƙare. Na ce da saura.

Takwas da minti ashirin aka yi harbin farko. Sau uku, daga wajen kasuwa. Sai kuma wani mai tsawo.

A can harbi sama shi ne guɗa. In an ɗaura aure a harba, in yaro ya ci jarrabawa a harba, in alhazai sun dawo a harba. Farkon zuwana nakan faɗi ƙasa, mata su yi ta mini dariya. Ran nan gabana ya faɗi, amma na ji kunyar nunawa. Hajja ta miƙe ta sa rigarta mai ɗinkin hannu. Maƙwabta suka rangaɗa guɗa. Kowa ya ɗauka an fara murnar zaɓe. Mutane suka fito, suka nufi inda ƙarar take.

Takwas da minti arba'in muna cikin lungu. Lungunan can mutum biyu ba sa jerawa. Sai ƙarar ta canja. Harsashi ya bugi bango, ƙasa ta zubo mana a ka. Wani ya fasa tankin ruwa a saman wani gida, ruwan ya yi ta kwarara. Wani mutum ya dawo a guje, rigarsa jina-jina. Ƙungiyoyi biyu ne ke harbin juna a ƙofar makarantar. Har yau ban san wadda ta fara ba.

Na gaba suna turowa baya. Na baya ba su sani ba, suna turowa gaba, wasu har da tafi. Muka cushe, ba gaba ba baya.

Nabil ya kama kafaɗata. "Riƙe Hajja! Ku bi ƙofar gabas! Kada ku tsaya!" Na riƙe masa riga. Ya ɓamɓare hannuna, ya ce, "Ni na kira su." Ya haura katanga ya nufi masallaci, wanda ke jikin makarantar.

Tara saura biyar lasifika ta yi ƙara. Muryarsa ce, yana haki. "Ku koma gida! Ba murna ba ce! Babu zaɓe yau! Ku koma!" Tafin ya tsaya. Na baya suka juya. Lungu ya buɗe.

Hajja ba ta iya gudu. Na durƙusa na goya ta, na ɗaure da mayafina yadda Inna ke goya jikokinta. Ba ta da nauyi. Ina tafe ina jin muryarsa a bayana, yana maimaita kalmomin nan. Na ƙirga sau bakwai.

Tara da minti goma wani abu mai nauyi ya faɗi. Ƙasa ta motsa. Lasifikar ta yi ƙara mai tsini, ta yi shiru. Yatsun Hajja suka nutse a kafaɗata. Ban waiwaya ba.

Goma saura kwata muka isa ƙofar gabas. Sojoji suna tsaye. "Mata nan! Maza can! Ku ɗaga takardu!" Takalmina ɗaya ya fita a hanya. Muka yi tafiyar awa guda zuwa farfajiyar wani masallaci a cikin gari, aka ba mu tabarma.

Kwana uku bayan haka wani maƙwabcinmu ya zo. Ya tsaya daga nesa yana kallon ƙasa. Ya ce an binne Nabil a cikin awa biyun da aka tsagaita wuta. Ni da uwarsa ba mu je ba.

Yayana ya zo daga Makka ya ɗauke ni. Ni ina da fasfo. Hajja takardar gudun hijira kawai gare ta, ba a ba ta biza ba. Da faɗa ya lafa ta koma ɗakinta, rabinsa babu rufi. Kwamitin yana nan yadda yake. Ba a sake maganar ƙuri'a ba.

Na yi takabata a ɗakin Inna. Masu zuwa gaisuwa suna tambaya yadda abin ya faru, ni kuma bakina ba ya iya faɗa, shi ya sa na rubuta.

Mutum shida lungunmu ya rasa ranar. Biyar na san inda suka faɗi, don na tsallake su da ƙafata. Na shidan ban gan shi ba. Muryarsa kawai na ji.