Minti Ashirin a Gidan Bayi

Har gobe ban manta da ranar da Madam Loretta ta dawo ofishinmu na sayar da tikitin jirgi a titin Fordham Road, nan Amurka, ba. Shekarata ta uku ke nan a aikin. Ni ke tsara wa masu yawon buɗe ido jadawali, wato inda za su je kowace rana da tsawon lokacin da za su yi.

Madam Loretta baƙar fatar Amurka ce, tsohuwar malamar makaranta. Ta kawo mana tsofaffi goma sha biyu daga cocinsu, za su wani gari a bakin teku a Ghana. Garin haihuwata ne, sai na cika baki. Na ba su awa uku a bakin ruwa, awa biyu a kasuwar masunta, ga gasasshen kifi da ruwan kwakwa. Tsohon ginin Turawa inda aka riƙa tsare bayi kuwa, minti ashirin na rubuta, don ɗaukar hoto. A gindin katangarsa muka yi ƙwallo muna yara, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Da suka dawo ta shigo, ko zama ba ta yi ba. Ta ajiye jadawalin a gabana.

Ta ce, "Muna cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa direbanku ya fara danna hon. Yayata shekararta tamanin da ɗaya. Don wannan ɗakin kaɗai ta hau jirgi, ta tsaya inda kakanninmu suka tsaya. Kafin ta gama sauka daga matakala aka ce lokaci ya cika. Ba za ta sake iya wannan tafiyar ba."

Maigidanmu Alhaji Sulley ya fito ya duba takardar.

"Kai Bashiru, twenty minutes? Ka taɓa shiga wurin nan kuwa?"

"Ban taɓa ba, Alhaji."

Ta nemi a fassara mata. Da ta ji, ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta fita. Da zagi ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku rubuta wa kowa minti ko ɗaya sai kun tambaye shi abin da zai kai shi. Ni ban tambaya ba, kuma yayar Madam Loretta ta rasu ba ta ga ɗakin ba.